Taku Uku, Sai Ka Yanka Ciki: Kakar da Na Horar da Masu Cafka a Greensboro

A Maraɗi na yi gola tun ina firamare har na gama sakandare, kuma wannan tsohon hannu ne ya jawo mini aikin horar da masu cafka a ƙungiyar ƙwallon Amurka ta yaran unguwarmu a Greensboro, cikin jihar Karolina ta Arewa. Ɗana yana buga wa ƙungiyar a sahun gaba, cikin ƙosassun yaran da aikinsu ture abokan hamayya. In na je ɗaukarsa nakan tsaya bakin fili ina mayar da ƙwallayen da suka kuɓuce, har babban kocin ya lura da ni. Dattijo ne baƙar fata, ya daɗe yana wannan aiki ba ko sisi. Ya ce mini, "Ɗan'uwa, masu gudu ina da su da yawa, wanda zai koya musu riƙe abin da aka jefo ne babu. Ko za ka kama mana?" Na ce masa ban taɓa buga wasan ba. Ya ce dokoki shi zai koya mini, hannu kuwa na riga na zo da abina.

Ga wanda bai saba kallon wasan ba, mutum 11 ne a kowane ɓangare, tsawon fili yadi 100, da ƙarin yadi 10 a kowane ƙarshe inda ake shiga da ƙwallo a ci maki 6. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su ci yadi 10, in sun kasa ta koma hannun abokan karawa. Ko dai a ruga da ita a hannu, ko kwatabak, wato mai jifa, ya cilla ta gaba, abin da doka ta halatta tun 1906. Mai cafka shi ne wanda yake tsayawa can gefe, nesa da cunkoso, ya ruga ta hanyar da aka tsara masa, ya zille wa mai gadinsa, ya kama ƙwallon tana iska. Su aka damƙa mini, yara 'yan shekara 10 da 11.

Kafin a bar ni in tsaya gaban yaro ko ɗaya sai da aka binciki tarihina, kamar yadda ake yi wa masu aiki da yara a nan, sannan na zauna gaban kwamfuta na yi kwas ɗin masu horarwa na hukumar wasan, USA Football, da na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, mai suna HEADS UP, wanda ke bayani kan girgizar ƙwaƙwalwa bayan bugun kai. A jihar nan ba a wasa da wannan batu. A 2008 ɗaliban sakandare biyu, Matthew Gfeller da Jaquan Waller, sun rasu sanadiyyar bugun kai a wannan wasa, kuma a 2011 aka kafa doka da sunansu, wadda ta ce ɗalibin da aka ga alamar girgiza a tare da shi ba zai koma fili a ranar ba, kuma ba zai koma daga baya ba sai ma'aikacin lafiya ya sa hannu. Makarantun gwamnati dokar ta shafa, amma ƙungiyarmu ta ɗauke ta yadda take. Abin da ya zauna mini a rai shi ne mai cafka yana cikin waɗanda suka fi shiga haɗari, domin idonsa na kan ƙwallo a daidai lokacin da wani ke nufo shi a guje.

Mun fara a farkon Agusta, cikin zafi mai gumi wanda ko mutumin Maraɗi sai ya sara masa. Kwanakin farko babu sulke, sai hular kwano da gajeren wando, ana tsayawa shan ruwa akai-akai. Yaran sun zo da zumuɗin a fara doguwar jifa irin wadda suke gani a talabijin ranar Lahadi, amma ƙwallaye suka zauna cikin buhu, domin daga tsayuwa ake farawa.

Ƙafar da ta fi kusa da ƙwallo ita ce a gaba, ɗayar a baya kan yatsu. Mafi yawan nauyin jiki a kan ta gaba, haɓa bisa gwiwa, gwiwa bisa yatsun ƙafa, hannuwa a sake. Kai a juye ciki ana kallon ƙwallon da ke ƙasa, saboda mai cafka yana da nisa, ga ihun iyaye, ba lallai ya ji kiran kwatabak ba. Motsin ƙwallo shi ne izininsa na tashi, in ya riga ta kuwa alƙalin wasa ya jefa ƙyallensa mai ruwan ɗorawa, a mayar da ƙungiya baya yadi 5. Babbar matsalar da na tarar ita ce takun banza. Yaro zai tashi, sai ya fara jan ƙafar gaba baya, ko ya ɗaga ta ya mayar wuri guda, sannan ya yi gaba. Kusan dukansu suna yi, kuma ba su san suna yi ba. Sai na riƙa durƙusawa ina ɗora tafin hannuna a bayan diddigen ƙafar gaban, in ce ya tashi. In diddigen ya bugi hannuna, ya ji da kansa ba sai na yi magana ba. Daga nan in ce ya ƙara zuba nauyi gaba har ya ji zai kife, ta yadda ƙafar baya ce kaɗai take da wurin zuwa.

Akwai wani ƙaramin ladabi da nake jin daɗin ganin yaro ya iya. Mutum 7 ne ke jerawa a kan layin farawa, kuma a cikinsu na bakin kowane gefe ne kaɗai ya halatta ya cafe ƙwallo. Saboda haka wani mai cafka a kan layi yake tsayawa, wani kuma taku ɗaya a baya, kuma in na baya ya matso kan layi ya rufe na cikinsa, ya haramta wa ɗan'uwansa cafka. Na koya musu duk wanda ya isa wurinsa ya dubi alƙalin da ke bakin fili ya nuna masa da hannu inda yake nufin tsayawa. Alƙalan wasan yara suna amsawa, har su ce matso ko ja baya kaɗan.

Da muka zo kan hannu na ji na shigo gida, sai dai da bambanci guda mai girma. Gola yana da izinin rungume ƙwallo a ƙirji, har koya masa ake yi. Mai cafka kuwa ƙirjinsa sulke ne na roba mai tauri, ga ƙwallon mai tsini biyu, in ta daki sulken sai ta yi tsalle ta tafi, wani lokaci hannun abokin hamayya. Dole a tare ta da yatsu tun tana nesa da jiki. In ta zo daga ƙirji zuwa sama, manyan yatsu biyu su haɗu, manuniya biyu su haɗu, a bar taga a tsakani wadda tsinin zai shiga. In ta zo ƙasa da cibiya, ƙananan yatsu ne ke haɗuwa, tafi yana kallon sama, haka kuma in ta biyo ta kan kafaɗa ana cikin gudu. Gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, yatsu a buɗe a sake, kuma da ta taɓa hannu sai a ɗan bi ta baya a shanye ƙarfinta. Kunne ma yana ba ka labari, domin cafkar kirki ba ta da ƙara, wadda ta daki tafin hannu kuwa tas take yi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin ginin ƙasa a garuruwanmu ya ga irin wannan hannu. Lebura yana cilla tubali daga ƙasa, magini a kan katanga yana karɓa yana bin nauyinsa, ba ya fasa ko ɗaya. Da na ba yaran wannan labari, babban koci ya ce ai su ma suna da irinsa. Jerry Rice, wanda ya fi kowa cafka a tarihin NFL, babbar gasar ƙwararrun wannan wasa, sau 1,549 da yadi 22,895, ɗan magini ne daga Mississippi, kuma yana yaro shi da 'yan'uwansa sukan taya mahaifinsu aiki lokacin hutu, ana cillo bulo yana cafewa.

Tsarin yatsu dai yana da sauƙin koyarwa. Ido ne aikin. Yaro yakan ɗauke idonsa saura ƙiris ƙwallo ta iso, ko don ya ƙosa ya ruga, ko don yana neman inda mai gadinsa yake, ko don tsoro. Na ɗauki alƙalami mai kauri na rubuta lamba kusa da tsinin kowace ƙwallo. Ƙa'ida ita ce in ka cafe sai ka bi ta da ido har ka adana ta, tsinin gaba cikin yatsu, na baya a matse a damtse, gefenta a manne da ƙirji, sannan ka faɗi lambar da ƙarfi. Wanda bai faɗi lamba ba, ba a ƙirga masa. Muka fara a durƙushe kusa da juna don a cire ƙafafu daga lissafi, sannan a tsaye, sannan yaro ya ba ni baya, in na ce "ƙwallo" ya juyo ya neme ta tana tafe. Ƙwallon tenis ma ta yi mana rana, domin ba ta runguntuwa a ƙirji, kuma yaro yana iya tafiya da ita gida ya riƙa buga ta a bango.

Akwai wani siririn yaro, shiru-shiru, wanda da ƙwallo ta taso sai ya runtse ido ya kau da kai. Sauran suka fara yi masa dariya, na tsawatar tun ba ta yi nisa ba. An taɓa fasa masa leɓe da ƙwallo, jikinsa bai manta ba, kuma babu ihun da zai sa ya manta. Na riƙa janye shi gefe kafin a fara atisaye, muka koma ƙwallon soso, daga tazarar da hannu zai kusa kaiwa, ina cilla masa a hankali. Ban ja baya ko taku ɗaya ba sai na ga idonsa a buɗe har ƙarshe. Daga soso muka koma ta fata, ƙaramar da ake ba ƙannensa, sannan tasu. Ƙwallon yara girma-girma ce, kuma ba yaro wadda ta fi ƙarfin hannunsa hanya ce ta koya masa runguma. Abin ya ɗauki lokaci, amma kafin wasanni su yi nisa ya shiga cikin waɗanda na fi amince wa hannunsu. Wani yaron kuma yana cafe ta kusa ba kuskure, ta nesa ce ke ɓace masa, sai na ba mahaifiyarsa shawarar a duba idonsa. Ashe tabarau yake buƙata. Da ya damu cewa mai raunin gani ba ya zama mai cafka, babban koci ya ba shi labarin Raymond Berry na ƙungiyar Baltimore Colts, wanda ganinsa ba shi da ƙarfi, kuma a zaɓen da ƙungiyoyin NFL ke yi na sababbin 'yan wasa sai can a zagaye na 20 aka ɗauke shi, amma a wasan ƙarshe na gasar a 1958 ya cafe ƙwallo 12.

Daga nan muka shiga hanyoyi, kuma a ganina nan ne zuciyar aikin take. Mai kallo daga waje yana zaton kwatabak dubawa yake yi ya ga wanda ya kuɓuta sannan ya jefa. A wasan yara sahun gaba da ƙyar yake tare masu kawo hari na daƙiƙa biyu ko uku, babu lokacin dube-dube. Kwatabak yana ja da baya taku uku ya saki ƙwallo zuwa wurin da aka shirya, sau da yawa kafin mai cafka ya juyo. Hanya alkawari ce tsakanin yara biyu, ɗaya ya ce zan kasance a wuri kaza bayan taku kaza, ɗayan ya ce ƙwallo za ta same ka a can. Yaron da ya fi kowa gudu amma yau ya juya a yadi 4 gobe a yadi 7, mai jifa ba zai iya dogara da shi ba. Wanda gudunsa matsakaici ne amma kullum yana inda aka ce, shi ake jefa wa.

Manya suna da hanyoyi masu lambobi har zuwa 9, tsarin da ake dangantawa da masu horarwa Sid Gillman da Don Coryell. Ni huɗu na ɗauka, na ƙi ƙarawa. Ta farko yankan ciki, taku uku gaba, a na ukun a kafa ƙafar waje a yanka ciki a karkace. A nan yaran suka gane dalilin sa ƙafar ciki a gaba tun farko, domin takun farko na ƙafar waje ne, na biyu na ciki, na uku ya sake faɗawa kan ta waje, wadda ita ce za ta tura mutum ciki. Sai tsaya-ka-juyo, taku biyar, a taka birki, a juyo ta ciki a fuskanci kwatabak da hannu a shirye. Sai fitar waje, a miƙe a karya zuwa layin gefe. Ta huɗu miƙewa ce, gudu zalla a wuce mai gadi, amma a bar tazarar yadi 4 ko 5 tsakaninka da layin gefe don mai jifa ya sami wurin sauke ta ta kafaɗar waje. Wannan ba mu cika jefa ta ba, saboda hannun ɗan shekara 10 ba ya kai ƙwallo nesa da saiti, amma dole a iya ta, domin tsoronta ne ke sa mai gadi ya ja baya ya bar maka ta kusa.

Wurin da na fi daɗewa shi ne karya hanya. Yaro yana isowa wurin juyi sai ya miƙe tsaye, ya buɗe hannuwa, ya yi 'yan taku barkatai, ya sha kwana mai faɗi, kuma kowanne daga cikin waɗannan sanarwa ce ga mai gadi. Abin da ake so shi ne a sauke ƙugu, ƙirji bisa gwiwa, hannuwa su ci gaba da aikinsu na gudu, a tsaya cikin taku biyu ko uku, a kafa ƙafa a fice. Na jera alamun roba a kusurwa huɗu, muka fara zagayawa da tafiya, sannan sassarfa, sai daga baya gudu. A wurin juyin nakan riƙe doguwar sandar soso irin wadda yara ke iyo da ita, a tsayin kafaɗarsu, wanda ya miƙe tsaye hular kwanonsa ta taɓa. Bayan an kafa ƙafa kai ne ke fara juyawa don ido ya sami ƙwallo da wuri. Kuma in ka juyo kada ka tsaya jira, ka taho mata. Taku ɗaya da za ka yi wajenta shi ke hana mai gadi tsallakowa ya ƙwace.

Na ƙarshe a wannan babi shi ne takun farko na kowace hanya su zama iri ɗaya, ido a miƙe kan mai gadi, kada a saci kallon inda za a je. Muka mayar da shi wasa. Yaro ɗaya ya tsaya gadi, in ya kira sunan hanyar kafin a karya ya ci maki, in ya kasa mai cafka ya ci. Babu atisayen da suka fi so kamarsa, kuma su da kansu suka fara tona asirin juna, wannan kafaɗarsa ke karkata, wancan gudunsa ke raguwa.

Akwai yaro guda da ya fi kowa gudu a ƙungiyar, nesa ba kusa ba, kuma ya sani. Ƙirga taku a wurinsa ɓata lokaci ne. Ya ce mini, "Koci, ni dai a jefa kawai, zan same ta." Ban yi masa faɗa ba. Na bar shi ya yi yankan ciki da kwatabak yadda ya ga dama, sannan siririn yaron nan ya yi da ƙirga. Ta mai gudun tana bi ta bayansa ko ta gabansa, ta siririn tana sauka a hannu. Daga baya na zauna da shi mu biyu na kawo masa misalin da ba zai iya musawa ba, domin ɗan garin nan ne. Keenan Allen a Greensboro aka haife shi, ya yi sakandaren Northern Guilford. Da aka gwada gudunsa na yadi 40 kafin zaɓen 'yan wasa na 2013, yana murmurewa daga ciwon gwiwa, ya yi wajen daƙiƙa 4.7, wanda a ma'aunin masu cafka na NFL jinkiri ne, kuma sai a zagaye na uku ƙungiyar Chargers ta ɗauke shi. A shekararsa ta farko ya cafe 71, yadi 1,046, kuma har yau in ana maganar iya karya hanya sai an kira sunansa. Na ce wa yaron ya je ya kalli bidiyonsa, ya zuba wa ƙafafunsa ido, ya rabu da ƙwallon. "Allah ya ba ka wanda ba a koyarwa," na ce masa, "saura wanda ake koyarwa." Bai sauya dare ɗaya ba, amma ya fara ƙirgawa.

Abin da babu yaron da ya zo dominsa shi ne tarewa. A wasan yara yawanci rugawa ake yi da ƙwallo a hannu, mai cafka yana iya gama wasa an jefo masa sau biyu ko uku. Sauran lokacin aikinsa ya tare mai gadinsa don mai ɗauke da ƙwallo ya sami hanya ta gefe. Za ka tashi kamar miƙewa za ka yi, in ya rage taku biyu ko uku ka rage gudu ka buɗe ƙafa, ka shiga tsakaninsa da inda ƙwallo za ta bi, ka bi motsinsa hagu da dama, in ya matso ka sa tafukan hannu a ƙirjinsa, kai a sama, ƙafa tana aiki. Riƙe riga laifin yadi 10 ne, haka turawa ta baya. Abu biyu ne ba na ɗaga wa kowa ƙafa a kansu, sunkuyar da kai a yi karo da hular kwano, da faɗa wa yaron da bai gan ka ba, wanda dokar wasan sakandare ta hana tun 2017. Wanda ya yi ɗaya daga ciki, ko a atisaye ne, fita zai yi ya tsaya kusa da ni. Babban koci yana da ƙa'idarsa cewa wanda ya ƙi tarewa ba a jefa masa, ni kuma in an tashi nakan fara yaba wa wanda ya fi tarewa kafin wanda ya fi cafka.

Iyaye ma sai an yi musu wannan bayani. Greensboro tana da 'yan Nijar da yawa, kuma wani bawan Allah ɗan Damagaram da ɗansa ke hannuna ya tare ni bayan wani wasa. "Malam, yaron nan nawa gudu kawai yake sha, ba a ba shi ƙwallo. Ko akwai laifin da ya yi?" Na ce, "Alhaji, makin nan da aka ci ta gefen dama, ka ga wanda ya tsare mai jar riga har ɗan'uwansa ya wuce?" Ya ce shi ƙwallo yake bi da ido. Na roƙe shi Asabar mai zuwa ya bar ƙwallo ya kalli ɗansa. Ya yi hakan, kuma tun daga ranar muryarsa ce ake fara ji in yaron ya tare da kyau.

Wasannin Asabar su ne suka kawo abin da atisaye ba ya kawowa, wato sakin ƙwallo a gaban jama'a. Yaro zai taho bakin fili kai a ƙasa, ya riga ya san ya saki, ce masa ya riƙa cafewa ba ta ƙara masa komai. Tambaya ɗaya nake yi, "Ina idonka yake?" Yawanci amsar ita ce, "Gaba na kalla, Koci." Sai in ce, "To, ka san maganinta." Sannan in je wurin babban koci in roƙa a sake jefa masa ba da jimawa ba, mai sauƙi, tsaya-ka-juyo. Ina da yaƙinin cewa yaron da aka daina jefa wa bayan ya saki zai fara addu'ar kada ƙwallo ta zo wajensa, kuma wannan ya fi sakin ɓarna. Yaranmu 'yan Afirka sukan nutsu in na ba su labarin Nelson Agholor, haifaffen Legas da ya tashi a Florida. A 2016 yana Philadelphia Eagles sakin ƙwallo ya dame shi har aka ajiye shi wasa guda, amma a kakar da ta biyo baya, a wasan ƙarshe na NFL, wato Super Bowl, na Fabrairun 2018, ya cafe 9, Eagles suka ɗauki kofi.

Da kaka ta ƙare aka tattara huluna da sulke, na rubuta wa kocin rukunin da ke gaba takarda a kan kowane yaron da zai haura wurinsa, wane ya rabu da takun banza, wane har yanzu yana miƙewa tsaye a wurin juyi in ya gaji, wane yana buƙatar a yi masa magana a hankali. A ƙasan takardar na faɗa masa abin da ban taɓa ba ko kaɗan, wato zille wa mai gadin da ya matso ya tsaya maka a fuska tun kan layi. A rukuninmu masu gadi suna tsayawa ne can baya, shi ya sa na bar shi. A nasa za su fara matsowa, yaro zai buƙaci takun yaudara da hannun kaɗe hannun mai gadi. Iyaye kuma na ba su shawarar su sa yaran a ƙwallon tuta ta bazara, wadda babu kayarwa a cikinta, ƙyalle ake zarewa daga ƙugu, kuma jifa ta fi yawa, yaro zai sami cafkar da ba zai samu a wasan sulke ba. Ita ce za a buga a gasar Olamfik ta Los Angeles a 2028. Siririn yaron da mai gudun duka an rubuta sunayensu, babban koci kuma ya ce ni zan riƙe masu cafka a can ma, don haka a kan hanyoyin nan huɗu za mu ɗora ta biyar, wadda ake miƙewa a karya zuwa kusurwar fili.